Matar da Ta Soke Oda Talatin da Huɗu

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe sito, kuma ba kwamfuta take fara taɓawa ba. Sai ta rataye jakarta a ƙusa, ta ɗauki fensir da guntun kwali, ta bi kantoci tana ƙirga kaya da hannunta: tukwane, butocin lantarki, injin markaɗe, tiyon gas. Abin da yatsanta bai taɓa ba, ba za ta rubuta "akwai" a kansa a shafin shagon da ke kasuwar intanet ba. Shekara tara tana haka. Ma'aikata suka laƙaba mata Sai-Na-Gani, domin ko maigidan shagon ne ya bugo waya ya ce kaya suna hanya, ta saka su a shafi, amsarta ɗaya ce: "Sai na gani, ranka ya daɗe."

Masu hangen aikin daga nesa cewa suke yi danne-danne ne kawai. To, su zo su ɗana kujerarta na wuni ɗaya. Kaya ya ƙare, ka sauke shi daga shafi kafin wani ya biya. Wani ya shigo shago ya sayi na ƙarshe, bayan minti biyu oda ta faɗo a kansa, kai za ka kira mutum ka sha zagi. Mai babur ɗin da ke kai musu saƙo ya ce ta taɓa dawo da shi daga bakin titi saboda buta ɗaya: ta hoto baƙa ce, ta cikin kwali ruwan toka. "Na ce mata, Yaya, ai duk ruwa suke tafasawa. Ta ce in je in faɗa wa wadda ta zaɓi baƙa."

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru wata biyu da suka wuce. An yi wa mahaifiyarta aikin ido, ta ɗauki hutun mako guda, ƙanen maigida ya riƙe shafin. Akwai kan gas, wato abin da ake ɗaurawa a bakin tukunyar gas yana daidaita fitarsa. Shida suka rage a kanta. Dila ya yi alkawarin kawo wasu, sai ƙanen ya rubuta arba'in. Dila bai kawo ba. Ranar da ta dawo, oda arba'in cif na jiran ta.

Dokar kasuwar a fili take: shagon da ya soke oda da yawa, taurarinsa na yabo su zube, a rufe masa shafi. Maigida ya san haka. Ya shigo da kwali a kafaɗa ya dire a gabanta, cike da wani kan gas, launi ɗaya, girma ɗaya.

"Ga mafita," ya ce. "A naɗe, a aika."

Ta jawo tukunyar gas da ke kusurwar sito, ta ɗaura guda ɗaya, ta kaɗa ruwan sabulu a kofi ta shafa a mahaɗar. Kumfa ya fara tasowa. Ta gwada na biyu, ta gwada na uku, duk kanwar ja ce.

"Ranka ya daɗe, kama da wane ba ta wane. Yana yoyo."

"Ɗan kumfa ne. Wanda bai yi masa ba ya dawo da shi."

"Wanda ya ƙyasta ashana kusa da wannan ba zai samu damar dawo da kaya ba."

"Wai ke ce mai shagon ko ni?"

"Kai ne. Amma da hannuna ake danna 'an aika', kuma ba zan danna ba."

"In kika soke, ki ajiye mini makullina."

Ya fice, yana ganin ya gama magana. Kada wani ya ce ba ta ji tsoro ba. Aikin nan shi ke riƙe da tsohuwa mai jinya da 'ya'ya biyu a makaranta, kuma babu wani da ke jiran ta a waje. Duk da haka ta jawo waya.

Shidan farko ta aika musu nasu. Sauran talatin da huɗu ta kira su ɗaya bayan ɗaya: "Ka yi haƙuri, kayan sun ƙare, laifinmu ne, za a mayar maka da kuɗinka." Wani ya ce mata ɓarauniya. Wata ta kashe waya tun ba ta rufe baki ba. Da ta zo wurin da ake zaɓar dalilin sokewa, ƙanen maigida ya raɓo yana raɗa: "Yaya, ki zaɓi 'mai saye ne ya fasa'. Haka kowa ke yi, ba za a taɓa mu ba." Ta dube shi sama da ƙasa. "Mu yi kuskure, mu ɗora wa wanda ya biya?" Sau talatin da huɗu ta zaɓi "kaya sun ƙare a wurinmu". Kafin maigida ya dawo, makulli yana kan tebur.

An rufe shafin mako uku. An buɗe, an ɗauki wani, ciniki ya ci gaba. Ita kuwa tana gida har yau, tana bin ofisoshi da takardunta. Har na ji ana cewa taurin kai ne ya cinye ta. Wannan maganar tana ƙona mini rai, kuma ba zan ɓoye ba.

Ke ce kika riƙe amanar mutanen da ba ki taɓa ganin fuskarsu ba. Ke ce aka ba ki zaɓi tsakanin abincinki da gidajen wasu, kika zaɓa ido buɗe. Kainuwa dashen Allah! Ba a yi miki taron bankwana ba, ba a ba ki takardar yabo ba, to ga tawa, a gaban kowa. Na gode, Allah Ya buɗa miki ƙofar da ta fi wadda aka rufe.

Ku kuma masu zama a gaban shafi, ranar da aka ce ku aika abin da kuka san ba shi ne ba, ku tuna an yi wata da ta ƙi. Masu shaguna da ke neman mai amana, ga ta nan zaune, ku daina cewa babu irinsu. Yau da safe gidaje talatin da huɗu sun kunna wuta, sun yi girki, yara sun ci sun tafi makaranta. Wasu daga cikinsu har yanzu suna jin haushin matar da ta soke musu oda.