Shekarar da Na Kwashe Kajin Mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin da rediyo ba ta da zance sai na murar tsuntsaye, ina noman rani a gefen Kura, tumatir da albasa. Mahaifiyata a gidana take. Ta kai shekara huɗu tana fama da ciwon karkarwa: hannun dama ba ya tsayawa, tafiya sai jan ƙafa, tashi daga tabarma kuwa sai ta yunƙura sau biyu. Duk wata nakan kai ta asibiti cikin Kano a karɓo mata magani. Amma kullum da hantsi da kanta take fitowa da ƙwaryar tsaki ta watsa wa kajinta. Takan ce wannan ne kaɗai aikin da karkarwa ke taya ta.

Da maganar cutar ta yi ƙarfi sai kaina ya ɗaure. Rediyo na cewa kada a taɓa mushen kaza. Abokina da muke maƙwabtaka a gona ya ce ciwon kajin gidan gona ne, ba ruwansa da kajin Hausa. Mai kemis ɗinmu ya ce a wasu ƙasashen har mutane yake kashewa, kuma mai rauni yake fara kamawa. A kasuwa kuwa farashin kaji ya faɗi warwas, jama'a na saye suna soyawa, ban ji wanda ya kwanta ba. Duk wanda na saurara sai in ga shi ne mai gaskiya, har sai na gamu da na gaba.

Ran nan aka wayi gari kaza ɗaya ta mutu a bayan rumbu. Na ɗaure hanci da hankici, na zura hannu a leda, na binne ta kamar mai binne bom. Sauran na tattara su a kwando na ɗaure a bayan babur. Mahaifiyata na tsaye a ƙofar ɗaki, ƙwaryar na rawa a hannunta.

"Ina za ka kai min su?"

"Gona, Inna. Na ɗan lokaci ne, saboda lafiyarki."

"To," ta ce, ta juya ciki.

Kwana goma ba a yi ba ta daina fitowa. Jikinta ya sandare, sai ni da matata mun kama ta take miƙewa. Cokalin koko ya gagare ta kaiwa baki, murya ta shige ciki. Maganinta kuma ba a fasa ba ko sau ɗaya. Ni dai na gama yanke wa raina cewa cutar ta riga ta kama ta kafin in kwashe kajin. Na rasa ma ko in kai ta asibiti, ko kuwa a can ne za ta kwaso abin da ba ta da shi.

Daga ƙarshe na kai ta. Ƙasa-ƙasa na gaya wa likita abin da nake zargi, don kada na kan layi su ji su watse. Ya tambaya ko tana zazzaɓi, na ce a'a. Tari fa? Babu. Ya duba ta sosai, sannan ya ce, "Me ta saba yi da ta daina?"

Ita ce ta amsa, da ƙyar: "Ya kwashe min kaji."

Na ce, "To likita, in mayar da su ke nan?"

Ya ce shi ba zai ce in mayar ba, don raba ta da su a wannan yanayi ba laifi ba ne. Amma masu irin ciwonta, in suka zauna wuri ɗaya jiki ɗaurewa yake. Na fito na fi shiga ruɗewa: na yi daidai, kuma daidai ɗin ne ya kwantar da ita.

Matata ce ta samo mafita. Na kewaye kajin da zana a gona, kullum da safe sai in goya Inna a babur, matata ta zauna a bayanta ta riƙe ta, mu bi bakin kwatar ruwa a hankali. In mun isa ta tsaya daga nesa ta watsa tsaki ta saman zanar. Ranar farko rabin tsakin a ƙafarta ya zube. Ta leƙa su ta daɗe, sannan ta ce, "Kai ba ka iya kiwo ba. Dubi yadda suka rame."

Wannan ce doguwar maganar da ta fara yi cikin mako uku. Kafin a gama ɗiban tumatir ta koma tashi da kanta, ko da yake ba ta taɓa komawa daidai yadda take ba.

Ta rasu bayan wasu shekaru, Allah ya jiƙanta. Har yau ban san abin da ya kashe kazar nan ba, ban kuma san ko da na bar sauran a gida me zai faru ba. Abin da ke damuna shi ne, na nemi shawarar kowa a garin nan, har da mai kemis, amma ita da abin ya shafa ban zauna na tambaye ta ba.