Tuwon da Aka Mayar Daga Ƙofar Otal

Ni mutum ne mai son tsari, kuma wannan hali ya sha ba ni kunya. Ko kasuwa za ni sai na rubuta abin da zan yi a takarda. Don haka ranar da aka ce mana a asibitin Tuboro yanar da ta rufe idon Inna sai an je Garwa za a cire ta, abin da na fara nema shi ne biro.

Lokacin ina aiki a kamfanin auduga, cikin shekarun nan da kowa ba shi da magana sai ta matsin tattalin arziki. Otal-otal ɗin Garwa ma sun rasa baƙi, har irina ya iya ɗaga ido ya dube su. Wani abokin aikina ya yi mini kwatancen guda ɗaya kusa da asibiti, mai bishiyoyin darbejiya a harabarsa da na'urar sanyi a kowane ɗaki. Bazara ce, kuma duk wanda ya san Garwa da bazara ya san na'urar sanyi ba almubazzaranci ba ce. Na buga waya daga ofis na kama ɗaki biyu masu maƙwabtaka.

Sai na zauna na tsara kwana huɗu tsaf. Ranar farko isowa da hutawa. Rana ta biyu ganin likita da ƙarfe goma. Ta uku aikin ido. Ta huɗu, in an kwance bandeji, in kai Inna kan gada ta ga kogin Binuwai, da la'asar kuma mu je gidan Goggo.

Goggo ba ƙanwar mahaifina ba ce, ƙawar Inna ce, mu dai haka muka tashi muna kiranta. A Garwa aka haife su dukansu, a unguwar fataken goro da kakanninsu suka zo daga Arewacin Nijeriya. Tun suna 'yan mata suka ƙulla ƙawance irin na da, wanda ake raba goro a shaida wa iyaye. Aure ya kai Inna Tuboro, Goggo ta zauna a Garwa. Sun fi shekara goma sha biyar ba su ga juna ba, amma duk lokacin kaka sai Inna ta aika da man shanu da zuma, Goggo ta aiko da turare da atamfa. Ban taɓa jin Inna ta yi dariya har da hawaye ba sai in tana ba da labarin Goggo.

Da na karanta wa Inna tsarina, na shirya wa gardama. A wurinmu mai mutane a gari ba ya sauka a otal, otal na wanda ba shi da kowa ne. Sai kawai ta ce, "To, Mai Takarda, yadda ka tsara." Haka take kirana, don ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana. Na ɗauka na yi nasara. Gaskiya ina so ko sau ɗaya a rayuwarta ta kwanta a inda za a yi mata hidima, amma ba zan ɓoye ba, akwai kuma son a ce ɗanta ya isa.

Mun kwana a hanya, muka iso Garwa da hantsi. A tasha ina riƙe da hannunta sai wani dattijo mai sayar da goro ya ƙura mata ido, ya ce, "Wannan ba ɗiyar gidan masu goro ba ce da aka kai Tuboro?" Inna ta amsa gaisuwar a gajarce, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta matse mini hannu alamar mu wuce. Ban kawo komai a raina ba. Na manta cewa labarin da ya faɗa hannun mai goron tasha ya riga ya isa unguwa.

Otal ɗin ya yi mini kyau ƙwarai, Inna kuwa ko a jikinta. Ta shafa gadon ta ce wannan ai sai ya haɗiye mutum. Ta sa na shimfiɗa mata tabarmar da ta nace sai mun taho da ita. Na kunna na'urar sanyi ina jiran yabo, ta ce in rage, an sa ta a randa. Abin da ta tambaya kawai shi ne alƙibla da inda za ta ajiye butarta. Da ta yi azahar ta kwanta, na sauko wurin mai karɓar baƙi, wani mutumin kudu mai ladabi, na ce masa da Faransanci mahaifiyata ta gaji, gobe za ta ga likita, kada a bar kowa ya dame mu. Ya rubuta a littafinsa. Na ji daɗin ganin an rubuta maganata.

Bayan la'asar na sake saukowa in nemi ruwan sha. Sai ya ce mini, yana murmushin wanda ya yi aikinsa daidai, wata tsohuwa ta zo nemanmu. Ta sauko daga bayan babur da languna uku ɗaure cikin zane. Ba ta jin Faransanci, sai mai gadi ya fassara mata da Fulatanci cewa baƙin sun ce kada a dame su, kuma dokar otal ba ta yarda a shigo da abincin waje ba. Ta tambaya, "Ita ce ta faɗa da bakinta?" Aka ce mata, daga wurinsu dai saƙon ya fito. Ta zauna a ƙarƙashin darbejiya na ɗan lokaci da langunan a cinyarta, sannan ta tashi ta tafi da su.

Nan take na gane Goggo ce. Mutumin bai yi laifin komai ba, bai san abin da ya mayar ba. A wurinmu abincin da aka kawo wa baƙo ba ya komawa a rufe. Ko ka ƙoshi har wuya, sai ka buɗe ka taɓa, ka juye, ka sa ɗan wani abu a kwanon kafin ya koma. Mayar da shi yadda ya zo, wannan sai tsakanin waɗanda suka yanke hulɗa. Kuma ba aike Goggo ta yi ba, ga 'ya'ya ga surukai cike da gida, amma ita da kanta ta hau babur cikin wannan rana.

Na hau bene ina shawarar in yi shiru har sai an gama aikin ido. Da na shiga na ga Inna zaune kan tabarma tana jan carbi, sai na kasa. Na faɗa mata duka, har da maganar da na sa aka rubuta.

Ta ci gaba da jan carbinta. Na fi so ta yi mini faɗa. Can ta ce, "Laifin ba naka kaɗai ba ne. Kana tsammani gadonka ne ya sa na yarda da otal? Lokacin da muka rabu da ita, ni nake zura wa duk matan gidan zare a allura. Ban so ta gan ni ana jana kamar akuya ba. Na ce bari in ɓuya kwana uku, in je mata da idona."

Na ce to mu tafi yanzu, in ba ta haƙuri. Ta girgiza kai. Ta ce in muka je yanzu Goggo za ta shimfiɗa mata darduma, ta yi mata sannu da zuwa irin wadda ake yi wa baƙuwa, kuma daga wannan babu gyara. "Bar ta ta kwana. Na fi ka saninta." Da aka kawo abincin otal da magariba, shinkafa da kaza, ko buɗewa ba ta yi ba. Ta ce abincinta yana can gidan Goggo.

Da gari ya waye ta shirya tun kafin in ƙwanƙwasa mata ƙofa. Na tuna mata cewa likita na jiranmu da ƙarfe goma, kuma samun layin nan ba wasa ba ne. Ta ce idon da ya jira shekara uku zai iya ƙara kwana biyu. Na buɗe baki zan yi magana, ta ce, "Mai Takarda, nemo mota."

Ita ta riƙa yi wa direba kwatance daga kujerar baya, ba ta ganin komai. A wuce masallaci, a shiga lungu na biyu, a tsaya wurin rijiya. Rijiyar an daɗe da cike ta, famfo ne a wurin, amma gidan yana nan inda ta ce. A zaure ta zame hannunta daga nawa. Ta dafa bango ta riƙa bin sa a hankali har tsakar gida, ni ina bayanta.

Goggo na zaune a ƙofar ɗakinta kan 'yar kujera. Ta rame, ta yi furfura, amma zaman nan nata na mai gida bai canza ba. Ta amsa sallama ba tare da ta tashi ba. Ta ce, "Maraba da mutanen otal."

Inna ba ta gaishe ta ba sam. Ta ce, "Ina tuwona?"

"Wane tuwo?"

"Wanda kika kai jiya. A ɗumama mini, da yunwa na kwana."

Goggo ta ce, "Ai an ce ba kwa cin na waje."

Sai surukarta, matar babban ɗanta, ta leƙo daga madafa ta ce, "Wallahi Inna, tuwonki yana nan. Ta hana kowa taɓa shi, ita ma ba ta ci komai ba tun jiya. Miyar ma a ɓoye na tafasa ta don kada ta lalace." Goggo ta yi mata tsawa ta ce wa ya tambaye ta. Amma ba ta hana ta ɗauko langunan ba.

Aka shimfiɗa tabarma, Inna ta laluba ta zauna. Tana ta magana, tana tsokanar Goggo cewa har yanzu ba ta daina fushin yara ba, amma fuskarta tana kallon turmin da ke gefe. Na ga Goggo ta dubi turmin, ta dubi Inna. Aka kawo ɗumamen tuwon dawa da miyar yakuwa da kifi yana tururi, aka ajiye a gabanta. Inna ta miƙa hannu da ƙarfin hali kamar mai gani, hannun ya sauka a kan tabarma. Ta sake miƙawa, ya bugi murfin langa, murfin ya yi ƙara a ƙasa.

Goggo ta sauko daga kujerarta da ƙyar, tana dafa gwiwa. Ta jawo buta ta wanke wa Inna hannu, yatsa bayan yatsa, sannan ta kama wuyan hannun ta sa shi cikin tuwon.

"Tun yaushe?" in ji ta.

"Shekara uku ke nan."

"Shekara uku kina aiko mini da man shanu, ba ki aiko mini da wannan ba."

Inna ta ce, "Na so in zo miki da idona, ƙawa."

Goggo ta ce, "Da idonki na ƙulla ƙawance?"

Nan Inna ta fashe da kuka, lomar tuwo na hannunta. Ni kuma, magidanci da 'ya'ya uku, na durƙusa a tsakar gidan na ce ni na ba da umarnin, Inna ba ta ma san Goggo ta zo otal ba. Goggo ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Tashi, ai na san irin aikinka ne, tun kana rarrafe kake da iyayi. A ba shi cokali, wataƙila a otal an hana shi ci da hannu." Sannan ta wanke nata hannun ta sa a langa ɗaya da Inna, suka ci suna share hawaye da gefen mayafi. Ƙarfe goma ta same mu a nan.

Na koma asibiti da rana na yi ta roƙo har aka sake ba mu wata rana, bayan kwana biyu. Na kwaso tabarmar Inna da butarta na kai gidan Goggo. Ni na ci gaba da kwana a otal, cikin sanyin da na yi ta ɗoki, kuma ban taɓa jin kaɗaici irin na ɗakin nan ba.

Ranar ganin likita na zo da mota da wuri. Na miƙa hannu zan kama Inna, Goggo ta buge mini shi. Ta ce mota ta jira a bakin titi. Ta saƙala hannun Inna a nata suka fito ta tsakiyar unguwa, tsofaffi biyu suna tafiya a hankali, Goggo na faɗin ga dutse, ga kwata, ɗaga ƙafa. Mata suna leƙowa daga ƙofofi suna gaisuwa, Goggo na raɗa mata wannan ɗiyar wance ce, wancan jikan wane ne. Inna ta bar fuskarta a buɗe, tana amsa wa kowa da ƙarfi, tana tambayar iyayensu. Ni ina biye da su da jakar magani a hannu, babu wanda ya nemi taimakona har muka isa bakin titi.