Ƙarfen da Aka Kawo wa Yaya Bilal daga Jado

Yau shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Bilal, maƙerin azurfa a unguwar Dagmanet. Allah ya ji ƙansa. Na so in rubuta wani abu dabam a kansa, sai ga ɗalibaina na lekkwal, makarantar boko, sun tare ni da labarin da ke yawo a portabul, wayar hannu: wai wani abu ya sake shigowa daga can bayan taurari, masana na cewa dutse ne da ƙanƙara, wasu kuma na cewa jirgi ne da wasu halittu suka ƙera. Na tsaya da alli a hannu, na yi murmushi, don mun taɓa yin wannan gardama a gidanmu.

Watanni kaɗan kafin rasuwarsa aka fara irin wannan magana a rediyo. A lokacin ne abokinsa Hamma, mai haƙar zinariya, ya dawo daga wajen Jado, can cikin hamada, da wani guntun ƙarfe naɗe a rawani. Fari ne, ba nauyi, ba tsatsa. Ya ce ya tsince shi cikin rairayi, inda ba hanya, ba sawun kowa. Ya riga ya yanke cewa daga jirgin nan na sama ya faɗo, kuma zai koma ya tono sauran shi kaɗai, kada wani ya riga shi. Bazara ce, zafi ya kai inda kamiyo, manyan motocin kaya, ma ke jin tsoron hanyar. Matarsa na da tsohon ciki.

Mutane suka cika maƙera. Yaya bai yi dariya ba. Ya juya ƙarfen, ya goga shi, ya ɗora a harshe, ya daɗe yana duban wasu ƙananan huji a gefe. Sannan ya ɗauko ƙusa daga cikin kayansa, ya zura a ɗaya, ta zauna daram.

"Hamma," ya ce, "wanda ya huda wannan, da irin ma'auninmu ya auna. Fiffiken tsohon jirgi ne, na mutane. Zauna ka ga haihuwar matarka."

Hamma ya tashi a fusace, ya yi kwana goma bai taka maƙera ba. Amma bai koma Jado ba.

Ni kuwa, da yake na yi karatu, sai na ɗauka Yaya na gefena. Da na kai masa abincin rana na ce ai dama wauta ce, babu wasu halittu masu ƙera jirgi. Ya ajiye guduma ya dube ni.

"Ƙanwata, ban ce babu ba. Na ce wannan ba shi ba ne. Wancan na sama ban riƙe shi ba, to me zan ce a kansa? Wanda ya yi taurarin nan bai ba ni lissafin abin da ya zuba cikinsu ba."

Na ji kunya, na kwashe kwanuka na fita.

Da yana raye yau, na san ba zai shiga rigimar portabul ba. Zai sa a karanta masa abin da masu hangen sama suka auna, ya tambayi nauyin abin, da yadda yake juyi, da ko wani ya gan shi kusa. In an ce ba wanda ya gani kusa, zai ce to a jira, ya koma bakin wuta. Kuma na tabbata zai ji daɗi a ransa, don yana son abin da ya fi ƙarfin saninsa.

Ban ce rashinsa ya daina ciwo ba, amma ya yi sauƙi. Maƙerar na nan a hannun babban ɗansa. Hamma ya bar haƙa, yana sayar da gishirin Tegidda a kasuwa, duk shekara kuma yakan zo mu yi addu'a tare. Ɗiyar da aka haifa masa a bazarar nan tana aji biyu yanzu.

Ɗalibaina suka matsa: "Madam, ke me kika gani, jirgi ne ko dutse?" Na ce musu masu auna shi sun fi karkata ga dutse, ni ma can na karkata, amma ban sani ba. Shekara ashirin ina koyarwa kafin bakina ya iya faɗin haka gaban aji, kuma wurin mutumin da bai taɓa zama a aji ba na koya.