Ƙafar Yayana da Birkin Babur

Yayana acaɓa yake yi tsakanin Dingaya da Gwaram. Ni na fara lura ƙafarsa ta dama tana makara. Ya goya ni ran kasuwa, akuya ta gitta, ya yi niyyar taka birki, amma sai da muka wuce akuyar sannan ƙafar ta motsa. Shi dariya ya yi. Ni kuwa tun ranar tuwo ya daina yi mini daɗi.

Na matsa masa har muka je asibiti a Birnin Kudu. Likita ya ce jijiya kamar wayar lantarki take, tana da riga. Akwai wasu ƙananan ƙwayoyi a ƙwaƙwalwa, aikinsu ke nan naɗa mata rigar, kuma wani sinadari a cikinsu ne yake haɗa ta daga maiƙo. In rigar ta zaizaye, saƙon kai ba ya isa ƙafa da wuri. Na roƙe shi ya maimaita, ya maimaita. Na sake roƙo, ya kira na bayanmu.

A gida na faɗa wa Inna komai, don ina tsoron in rage abu mai muhimmanci. Kalma biyu ta riƙe: jijiya da maiƙo. Washegari ta aika wurin mahauci aka sayo jijiyar sa, ta dafa da man shanu. Na ce ina jin ba wannan jijiyar likita yake nufi ba. Ta tambaye ni jijiya iri nawa ce a duniya. Ban sani ba, sai na ƙyale ta, kada in hana magani. Yaya ya yi ta ci har ya yi ƙiba. Ƙafa tana nan yadda take.

Likita ya hana shi tuƙi, ga shi da babur ɗin yake ciyar da iyalinsa. Ya ce zai riƙa taka birki da wuri. Na ce akuya ba ta yin sallama kafin ta gitta. Daga ƙarshe ni na karɓi makullin, ni da ko keke ba na hawa sai na matsa tayoyinsa na ji iska, na sake matsawa. Fasinja suka ƙi ni da farko, sai shi kaɗai nake goyawa zuwa karɓar magani.

Wata rana a hanya ya taɓa kafaɗata.

"Malam direba, amalanke ya wuce mu."

"Shanun sun fi ni sanin hanya."

"To sauke ni in bi su, ko na samu likita bai tashi ba."

Ban tsaya ba, ban kuma ƙara wuta ba.