Baba Maharbi da Akuyar Kan Dutse

Ƙarar wasa wuƙa ce ta tashe ni, ƙyas-ƙyas, daga kicin. Na fito na tarar da surukina, Baba Maharbi, ya kife farantina na tangaran yana goga wuƙar yanka albasa a gindinsa. Ku da kuka zauna da mu a unguwar Taman Melati, can ƙasar waje, kun san halinsa. Duk gidan da ya shiga, gaisuwa ba ta ƙarewa sai ya nemi wuƙarku, ya taɓa bakinta da babban yatsa, ya girgiza kai.

Aikin ido ya kawo shi wurin ɗansa, mijina Abban Ilham, sai korona ta rufe hanya ya maƙale da mu. Mutumin da ya tsufa yana farauta a dazukan Ningi, ga shi a saman bene, ba shiga ba fita. Naman kanti ba ya cinsa da daɗin rai, wai naman da ba ka ga sawunsa ba, ba ka san halinsa ba. Takunkumi kuwa a haɓa yake zama, don a cewarsa maharbin da ya toshe hanci makaho ne.

Da gari ya yi tsit, aladun daji suka fara saukowa daga gandun dajin da ke bayan unguwa suna kifar da kwandunan shara. Baba ya tsaya a baranda yana yi musu faɗa da Hausa, wai da a gonarsa ne da tuni sun san mai ita. 'Yata Ilham, lokacin ba ta shiga firamare ba, ta ja masa riga, ta ce da irin maganar 'yan ƙasar:

"Haram lah, Kaka."

"Amarya, ci ne haram. Harbi taimakon manomi ne."

Sai wani maƙwabcinmu, ɗan ƙasar, ya nuna masa hoton akuyar daji a waya, baƙa, mai gajeren ƙaho, ya ce tana can kan duwatsun gandun. Washegarin ranar ce na ji ƙarar wuƙar nan. Abban Ilham ya durƙusa ya yi masa bayani a hankali: dajin na gwamnati ne, akuyar an hana taɓa ta, in aka kama shi za a iya soke mana biza, karatun da ya kawo mu, wanda ya kusa ƙarewa, ya tafi a banza. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya ko gwamnatin ce take ba ta dusa.

Wata safiya bayan asuba muka nemi Baba muka rasa. Ba wuƙa, ba igiyar shanyata. Ban taɓa ganin mijina a wannan hali ba. Ya kasa kiran 'yan sanda, ya kasa zama, sai zagaye falo yake yi da waya a hannu. Ni dai ina kan sallaya.

Sai azahar Baba ya shigo, hannu Rabbana, wando duk laka, matsattsaku sun manne masa a ƙafa. Na kawo gishiri ina barbaɗawa, ina kau da kai.

"Na gan ta," in ji shi. "Tana da goyo. Maharbi ba ya taɓa mai goyo. Ku gaya wa gwamnati ba don ita na ƙyale ba."

Dariya ta taso mini, amma da na waiga sai na ga Abban Ilham yana share hawaye da hannun riga. Baba ya daɗe yana kallon ɗansa. Daga nan ya miƙo mini igiyata, ya ce an gama. Bai kuma ƙara shiga dajin ba. Kullum da hantsi sai ya ja kujera baranda ya fuskanci dutsen, Ilham a cinyarsa, yana kwaikwaya mata kukan tsuntsayen da babu su a ƙasar nan. Wani lokaci in kawo shayi in tarar da shi ido can sama, sai in ajiye in koma a hankali.

Ciwon koronar ya kama shi kafin a buɗe hanyar jirage. A nan aka binne shi, ba mu ko samu ganin fuskarsa ba. Allah Ya jiƙan Baba, Ya yalwata masa makwanci, Ya saka masa haƙurin da ya yi saboda mu.

Ranar da nake naɗe kayansa kuka ya ci ƙarfina. Ilham ta zo ta tsaya a kaina, ta tambaye ni ko akwai daji a Aljanna. Na ce akwai, da yardar Allah.

"To ki daina kuka, Umma. Can ba mai hana shi shiga."