Kawu A-Raba da Ƙwayar Asma

A dangi kaf babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Yara su ce Kawu A-Raba, manya su ce A-Raba kawai, shi kuma ya amsa da fara'a kamar da sunan aka haife shi. Yayarsa, wadda ita ta goye shi, ta ce abin ya samo asali tun bai iya ɗaura wando ba. An ba shi dafaffen ƙwai guda saboda yana zazzaɓi, sai aka tarar da shi a bakin ƙofa ya tara yaran maƙwabta yana gutsura musu, yana cewa, "A raba, a raba." Ɓawon ne ya rage masa.

A haka ya girma. In ka ba shi ayaba, sai ya waiga ya ga wa ke kusa. In babu kowa, ya riƙe ta a hannu har wani ya zo wucewa. Ya taɓa dawowa gida da takalmi ƙafa ɗaya, kuma har yau ba a san wanda ya tafi da ɗayar ba, balle abin da ya yi da ita. Matarsa kuwa Inna Makulli ake ce mata, domin tun farkon aurensu ta gane cewa duk abin da ba ta kulle ba ya zama na unguwa.

Sana'arsa katifa, ba ta soso ba, ta auduga. Shagonsa ɗaki ɗaya ne mai ƙofar ƙarfe, tsakanin shagon Tela da na Mai Rediyo. A kawo masa tsohuwar katifa da ta kwanta ta zama kamar tabarma, ya farke ta, ya zazzage audugar, ya sa sanduna biyu ya yi ta bugu har ta tashi ta yi laushi, ya mayar, ya bi da basilla yana ɗaure ta gida-gida. In yana bugu shagon yakan yi fari fat, shi kuma ya fito gira da gemu duk auduga, kamar ya tsufa a wuni ɗaya. Yana son aikin nan kamar ransa. Bai iya komai ba sai shi, kuma bai taɓa sha'awar ya iya ba.

Cutar asma ta daɗe a ƙirjinsa, amma da ya manyanta sai ta samu abokiyar tafiya. Da zarar itatuwan bakin titi sun fara fure, hancinsa ya ɗauki ƙaiƙayi, idanu su yi ja suna hawaye, atishawa ta zo masa a jere har mai gaishe shi ya gaji da jira ya wuce. Ƙirjin kuma ya riƙa fito, wani siririn sauti da ake ji tun daga ƙofar gida. Ranar da ya zauna a kan buhun auduga ya kasa ƙarasa "sannu da zuwa", Inna Makulli ta rufe shagon da hannunta ta kai shi asibiti.

Likitar mace ce, mai magana a tsanake. Ta saurari ƙirjinsa, ta ba shi wani ɗan bututu ya hura don a auna ƙarfin numfashinsa. Ya hura da duk ƙarfinsa, alamar da ke jikin bututun ta ɗan motsa kamar an tashe ta daga barci.

"Baba, ga abin shaƙa, kada ya bar aljihunka. In numfashi ya sarƙe, shi za ka shaƙa," in ji ta. "Wannan kuma ƙwaya ce, guda ɗaya kullum da yamma, ko kana jin daɗi ko ba ka ji. Ba ta kwance sarƙewar numfashi nan take, a hankali take aiki. In ka manta wata rana, kada ka haɗa biyu washegari. In ka ga barcinka ya rikice da munanan mafarkai, ko ranka yana yawan ɓaci ba dalili, ka dawo da wuri ka gaya mini. Kuma taka ce kai kaɗai."

Kawu ya gyaɗa kai. Maganar ƙarshen nan ta shiga ta kunnen dama ta fice ta na hagu, domin bai taɓa mallakar wani abu shi kaɗai ba, bai san yadda ake yi ba.

"In ka dawo ban ga sauƙi ba," ta ƙara da cewa, "to kai da auduga sai dai kallo daga nesa."

Wannan kam ya ji ta sarai.

Inna Makulli ta kulle kwalin a durowa, kullum da safe ta ɓallo ƙwaya ɗaya ta naɗe masa a takarda, ta ce ya sha in ya tashi daga aiki. To, lokacin tashi daga aiki shi ne lokacin da su uku suke zama a benci a ƙofar shago, shi da Tela da Mai Rediyo. Ranar farko ya warware takardar, ya ɗauki kofin ruwa, ya kai ƙwayar baki. Sai Tela ya yi atishawa.

Hannun Kawu ya tsaya a iska. Ya dubi ƙwayar, 'yar mitsitsiya, ba ta kai ƙwayar wake ba. Ya dubi Tela yana share hanci da ƙyallen yadi. Ya ji in ya haɗiye ta a gaban mutumin nan, har abada ba zai iya haɗa ido da shi ba.

"Kai ma tana damunka ke nan?"

"Ƙurar yadi ce, mutumina. Sha abinka."

"Haba, ina zaune da kai? Mai Rediyo, miƙo rezar nan."

"Ni lafiyata ƙalau fa," in ji Mai Rediyo.

"To sai ka jira ta kama ka? A raba."

Ya ɗora ƙwayar a kan murfin gwangwani, ya tsuke ido kamar mai zura zare a allura, ya yanka ta uku. Kashi ɗaya ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin benci, manyan mutane uku suka durƙusa suna lalube. Da aka samo shi aka hure, Kawu ya ɗauki wanda ya fi ƙanƙanta, kamar yadda ya saba. Daga ranar abin ya zama ƙa'ida. Hannunsa har ya faɗa, yana yanka ta daidai wa daida ba ta ko gutsurewa. A gida kuma Inna Makulli tana ganin kwali yana raguwa yadda ya kamata, tana yaba wa mijinta a gaban baƙi.

Sauƙi dai shiru. Fiton ƙirji yana nan, atishawa tana nan. Wata rana da hantsi yana tsakar bugu numfashin ya sarƙe, ya manta da abin shaƙa da ke aljihunsa, ya warware takarda ya yanki kasonsa ya haɗiye, ya zauna yana jiran aiki. Allah ya sa Inna Makulli ta kawo masa abinci. Ta tarar da shi yana haki, ta zaro abin shaƙar ta danna masa a baki.

"Malam, ba wannan aka ce maka ba in ya sarƙe? Kunnen naka ma ka ba wani ne?"

Ya ƙara riƙe abin shaƙar a baki, yana gode wa Allah da ya samu abin fakewa.

A ɓangaren Mai Rediyo kuma wani abu ya ɓullo. Mutumin da ba a taɓa jin muryarsa sama da ta rediyonsa ba ya fara faɗa da masu kawo gyara. Da safe ya zo idanu a kumbure, ya ce ya yi mafarki wata fanka ta bi shi da gudu har kasuwa tana kiran sunansa. Washegari ya ce firji ne ya kai shi ƙara. Kawu ya yi masa jaje sosai, da yamma kuma ya yanka masa kaso mafi girma don ya samu ƙarfin jiki.

Ranar komawa asibiti Kawu ya tsaya a ƙofar shago ya daɗe yana kallon sandunansa. Tela da Mai Rediyo suka ce ba za su bar shi ya je shi da Inna kaɗai ba, suka rufe shagunansu suka bi su, har cikin ɗakin likita, suka jeru a jikin bango.

Ya hura bututu. Alamar ta tsaya inda ta tsaya wancan karon.

"Kullum kana sha, Baba?"

"Ban taɓa tsallakewa ba, 'yata."

"Ni shaida ce," in ji Inna Makulli. "Da hannuna nake ba shi."

Likita ta ajiye bututun. "To, maganin bai karɓe ka ba ke nan. Zan canza maka wani, amma maganar shago..."

Tela ya ga abokinsa ya sunkuyar da kai, ya ji ba zai iya yin shiru ba. "Likita, a yi haƙuri, a ƙara masa lokaci. Wallahi maganin nan yana da kyau. Ni tun da na fara sha atishawata ta ragu."

"Ni dai ban ga kyansa ba," in ji Mai Rediyo. "Jiya injin markaɗe ne ya aure ni."

Likita ta dubi Tela, ta dubi Mai Rediyo, ta cire tabarau.

"Wa ya rubuta muku?"

Su biyun suka dubi Kawu. Kawu ya dubi silin.

"Ai ba yawa nake ba su ba," ya ce a hankali. "Uku nake yanka ta. Kuma daidai nake yankawa, a tambaye su."

Inna Makulli ta sauke jakarta a ƙasa, ta tafa hannu. "Na kulle shinkafa, na kulle sabulu, na kulle takalma. Ashe da sai na kulle har cikin bakinka! Malam, ka taɓa ɗinka wa mutum sulusin katifa ka ce ya je ya kwanta?"

"Uwargida, mutum na atishawa a gabana..."

"Sai ka ce masa sannu! Sannu kyauta ce, raba ta har ka gaji!"

Likita ta juya baya tana gyara wasu takardu da ba su buƙatar gyara, tana danne dariya. Da ta juyo ta haɗe fuska. Ta ce wa Mai Rediyo kada ya ƙara taɓa ƙwayar, kuma ya tsaya a duba shi yau ɗin nan, domin irin mafarkan nan da saurin fushi ba abin wasa ba ne. Ta ce wa Tela in hancinsa na damunsa ya yanki kati kamar kowa. Sannan ta fuskanci Kawu.

"Baba, an auna ta ne daidai jikinka. Ka raba ta, kai ba ka samu ba, su kuma ka ja musu abin da ba su nema ba. Zan ƙara maka lokaci. Guda, cikakkiya, cikinka kai kaɗai. In ka sake yankawa, ni da kaina zan zo in sa wa shagon kwaɗo."

"Kwaɗo akwai a gida," in ji Inna Makulli.

A nan wahalar gaske ta fara. Yammar farko ya shige bayan tarin katifu don ya sha a ɓoye, ya fito da ita a hannu, ya ce ji ya yi kamar ɓarawo. Yamma ta biyu Tela da Mai Rediyo suka juya masa baya, ya ce ƙeyarsu tana kallonsa. Inna Makulli ta ce to ya sha a gida. A gida kuma ya tsaya yana kallonta, ya ce, "Ke ba kya ɗan jin ƙaiƙayin hanci?" Ta kore shi waje.

Tela ne ya samo dabara. Ya ce ai matsalar A-Raba ba haɗiya ba ce, tayi ne. A bar shi ya yi tayinsa. Da yamma ta yi, Kawu ya warware takarda, ya miƙa tafin hannu gaban abokansa.

"Bismillah."

"Alhamdulillahi, mun ƙoshi," suka amsa baki ɗaya, Mai Rediyo har da shafa ciki.

"Ku ɗan taɓa mana."

"Wallahi yanzu muka tashi daga kan namu."

Kawu ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka ƙi cin abincinsa, ya jefa ta baki, ya kora da ruwa. Ta wuce. Inna Makulli, wadda ta zo musamman, ta ce ya buɗe baki ya ɗaga harshe, ya buɗe. Haka aka ci gaba kullum. Wani baƙo da ya taɓa zama a bencin bai san zancen ba, ya miƙa hannu zai karɓa, Tela ya buge hannun.

Da ya koma asibiti, ya cika ƙirji ya hura bututu, alamar ta yi gaba har likita ta ce ya sake don ta tabbatar. Ya sake. Ta ce shago nasa ne, da sharaɗin ya ci gaba da shan ƙwayarsa, ya riƙa sa takunkumin hanci in zai yi bugu, kuma ya fito da bugun waje inda iska ke wucewa. Kawu ya yi ta godiya har sai da aka kira mai bi masa.

Katifar farko da ya gama bayan nan, ya shimfiɗa ta a shago ya hau don ya ji ko ta yi, barci ya kwashe shi da rana tsaka. Inna Makulli ta zo da abinci, ta tsaya a ƙofa ta kasa kunne. Ba fito, ba haki, ba komai. Kwanon ya kusa suɓuce mata. Ta ruga ta kama kafaɗarsa tana jijjigawa.

"Malam! Malam! Kana nan?"

Ya buɗe ido ɗaya. "Ina nan mana. Barci nake."

"To ka riƙa ɗan motsi, don Allah. Wannan shirun naka ya yi yawa."