Takalmin Ango da Ƙafar Kausar

Masi Sughran wankin tukwane take yi a gidajen biki a ƙauyenmu, kusa da Multan. Shekara talatin tana wannan aiki, ba ta tara komai ba sai baki. Ina tsoron bakin nan, amma ina sonta.

Maƙwabciyarta Kausar, mai 'ya'ya uku, lauje ya sare ta a ƙafa lokacin girbin alkama. Ta cusa toka da kurkur, ta ɗaure da tsumma, ta koma gona. Kafin sati biyu ƙafar ta kumbura tana wari. Likita ya ce in ba a yi aiki ranar Litinin ba, daga gwiwa za a yanke. Mijinta ɗan dako ne da amalanke, ko jakinsa aka sayar ba zai isa kuɗin aikin ba.

Masi ta je neman taimako wurin Chaudhry Riasat mai gidan gasa bulo. Ya sallame ta da doguwar addu'a.

Ranar Asabar ɗan Chaudhry ya zo ɗaukar amarya. A al'adarmu ƙannen amarya mata ne ke ɓoye takalmin ango sai ya fansa, ita kuwa wannan 'yan'uwanta duk maza ne, sai ango ya tuɓe nasa hankali kwance. Da ya tashi tafiya, takalmi ya ce ɗauke ni inda ka ajiye. Masi na zaune a kan wata ƙatuwar tukunya da ta kife a kan takalmin, tana sakace.

Chaudhry ya yi tsalle ya dire, wai yaushe tsohuwa mai wanke-wanke ta zama ƙanwar amarya. Daga cikin mayafi amarya ta ce ƙanwarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Mata suka kwashe da dariya.

Aka miƙa wa Masi rupi dubu biyu. Ta zaro takardar kuɗin aikin Kausar daga rigarta, ta ce ga farashin nan.

"Masi, ƙasar nan ƙona ni take yi," in ji ango, yana ɗaga ƙafa.

"Yi haƙuri, ɗana. Taka minti goma ta yi. Ta Kausar sati biyu ke nan."

Ango ba ya barin gidan surukai da aron takalmi, kowa ya sani. Chaudhry ya biya, kuma da yake mai hoto na tsaye, har da murmushi.

An cire wa Kausar yatsu biyu, ƙafar ta tsira. Tun daga ranar masu kuɗi suka daina kiran Masi aiki. Kausar ce ke kai mata gurasa kullum da yamma, da ƙafarta, tana ɗingishi.